Wai da gaske akwai ƙasusuwan nan, ko zane ne kawai?

Baban_Hauwa_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, wanda zai zage ni ya bari in kai aya tukuna. Yarinyata tana ajin ƙarshe a sakandare, kimiyya take karantawa, WASSCE saura 'yan watanni. Daren jiya na same ta a baranda tana haddar wasu sunaye kamar mai kiran aljanu, Ostiralo kaza, Homo kaza. Na karɓi littafin, sai ga hoton nan da kowa ya sani: biri a duƙe, na gabansa ya ɗan miƙe, har a kai kan mutum riƙe da mashi. Na ce wane ne wannan na farko? Ta ce wai kakanmu. Na ce kakanki dai, ni kakana fataucin goro ya kawo shi daga Katsina, kabarinsa na Salaga. Ta yi dariya, ni ban yi ba.
Abin da nake son sani: ƙasusuwan da suke cewa sun tono, akwai su kuwa? In akwai, ta yaya mutum zai ɗaga guntun ƙashi ya ce shekararsa miliyan uku? Kuma don me kullum Habasha da Kenya, ban taɓa jin an tono ko ɗaya a Ghana ba?

DanTrotro_Sawaba:
Alhaji, in dai biri ne ke zama mutum, na gidan zu ɗin Kejetia me suke jira? Tun ina yaro suke nan, ko gaisuwa ba su koya ba 😂

Ustaz_Asawase:
Wa alaikumus salam. Asalinmu Annabi Adam ne, alaihis salam, shi kuma daga ƙasa aka halicce shi. Wannan ba abin muhawara ba ne. Yarinya ta rubuta musu abin da suke so ta ci jarrabawarta, zuciyarta ta riƙe abin da ta sani.

Ticha_Bayoloji:
Alhaji, shekara 14 ina koyar da darasin nan, kuma hoton da kuka gani shi ne babban abokin gabata. Babu masanin da ya ce birin yau ne ya haifi mutum. Abin da suke faɗa shi ne mu da cimfanzi kaka muka haɗa, shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, daga nan kowa ya kama hanyarsa. Ɗan baffanka bai haife ka ba, kuma ba za ka zauna jiran ya koma kai ba. Amsar DanTrotro ke nan.
Ƙasusuwa kuwa akwai su, kowanne da lambarsa da inda aka ajiye shi. Wadda ta fi suna ita ce Lucy. Donald Johanson ya same ta a Hadar, yankin Afar na Habasha, a watan Nuwamban 1974. An samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasusuwan jikinta, shekarunta miliyan 3.2. Ƙwaƙwalwar irinsu ba ta fi ta cimfanzi da wani abin kirki ba, wajen kashi ɗaya cikin uku na tamu. Amma ƙashin ƙugunta gajere ne mai faɗi kamar kwano, irin na mai tafiya da ƙafa biyu, ƙashin cinyarta kuma ya karkato ciki wajen gwiwa kamar namu. Kai irin na biri, tafiya irin ta mutum. Wannan haɗin shi ne abin da ya ɗaga hankalin masana.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni na gan ta! Jirginmu na zuwa sarin kaya ya kwana da mu a Adis Ababa, wata abokiyar tafiya ta ja ni gidan tarihinsu. Su ba Lucy suke ce mata ba, Dinkinesh suke cewa, wai ma'anarsa ke abar mamaki ce. An jera ƙasusuwan cikin gilashi, launin ƙasa-ƙasa, haƙarƙarin guntu-guntu kamar an fasa kasko. Mai yi mana bayani ya ce kwafi ne muke gani, na ainihin yana kulle. Abin da ya tsaya min a rai ƙanƙantarta, ba ta fi jikata mai shekara biyar tsawo ba. Na ce a raina wannan ai yarinya ce aka tono.

Mahauci_TunKaka:
Hajiya, haƙori ake dubawa, ba tsawo ba. Ko ragon layya aka kawo min, bakinsa nake buɗewa in gaya maka shekarunsa.
Ni ban yi boko ba, amma maganar gane dabba daga ƙashi kada kowa ya yi musu da ita. Shekara 30 ina fawa. Ka zubo min ƙashi cikin buhu, zan ware maka na akuya da na tunkiya, in akwai na kare a ciki in nuna maka in kuma tambaye ka inda ka saya. In ni da wuƙa da gatari na iya wannan, wanda ya ƙare rayuwarsa yana aunawa da na'ura fa? Abin da ban gane ba, Ticha, in kai kaɗai aka samu ba ƙafa, ta ina za a san a tsaye yake tafiya?

Ticha_Bayoloji:
Baba mahauci, kun faɗi daidai, haƙoran ƙarshe na Lucy sun riga sun fito har sun fara cinyewa, babba ce.
Tambayarku kuma amsarta na kan teburinku. Gobe in kun fasa kan akuya, ku duba hujin da laka ke bi ta shiga ƙwaƙwalwa. A can ƙeya yake, don wuyanta a kwance ya shigo. Na mutum a ƙarƙashin ƙoƙon kai yake, tsakiya-tsakiya, don kai a kan wuya yake zaune kamar tulu a kan gammo. Da wannan hujin Raymond Dart ya kafa hujja a kan ƙoƙon kan wani yaro da masu fasa dutse suka tono a Taung, Afirka ta Kudu, a 1924. Ya ce wannan a tsaye yake tafiya. Manyan masanan Ingila suka yi masa ca, sai da aka yi shekara sama da 20 kafin su sauko.

Abu_Sumayya:
Duk wannan labari ne. Ku je ku karanta abin da ya faru a Piltdown. Ƙoƙon kan mutum suka haɗa da muƙamuƙin biri, suka goge haƙoran da magagari, suka shafa masa launi, aka yi shekara 40 ana koyar da shi a jami'o'i. Wanda ya yi maka ƙarya sau ɗaya, me zai hana ya ƙara?

YarLegon:
Yaya Abu, labarin gaskiya ne, amma kun tsaya a rabi. A 1912 aka fito da shi a Ingila, a 1953 asiri ya tonu. Su wa suka tona? Masana ne, da gwajin sinadari da madubin ƙara girma. Kuma abin da ya sa aka koma kansa shi ne ƙasusuwan gaske da ake ta samu a Afirka sun ƙi yarda da shi. Na jabun babbar ƙwaƙwalwa ce da haƙoran biri, na gasken kuwa akasin haka suke nunawa: tafiya da ƙafa biyu ta riga girman ƙwaƙwalwa da shekaru miliyoyi. Wannan jabun ma yana cikin abin da ya sa aka wulaƙanta Dart. Turawan lokacin sun fi son a ce mutumin farko Bature ne, ɗan Ingila ma.
Bari in taɓa tambayar Baban Hauwa ta biyu, tunda fannin da nake karantawa ke nan. Baba, ba ƙashin ake aunawa ba, ƙasar da ya kwanta a ciki ake aunawa. Ku ɗauki tsohon juji a Aboabo. In aka haƙa, a sama ledar fiyawata za a tarar, a ƙasa kaɗan tsofaffin kuɗin da aka daina karɓa bayan canjin 2007, can ƙasa kuma fasassun tukwane. Ba sai an gaya muku wanne ya riga wanne ba. To a Habasha da Kenya da Tanzaniya akwai duwatsu masu aman wuta, kowane amai yana shimfiɗa toka kamar tabarma. Cikin tokar akwai wani nau'in fotasiyam da ke rikiɗa a hankali ya koma iskar agon, rabinsa kan rikiɗa cikin shekara biliyan 1.25. Zafin aman wutar yana korar tsohuwar iskar gaba ɗaya, kamar an mayar da mita sifili. Sai a auna iskar da ta taru tun daga ranar. In ƙashi na tsakanin tabarma biyu, an san bai kai ta ƙasa tsufa ba, ya kuma girmi ta sama.

Injiniya_Tafo:
Ba kabon-14 suke amfani da shi ba? Ni haka na sani.

YarLegon:
A'a yaya, shi a jikin ƙashin ake auna shi, kuma ba ya wuce shekara 50,000. Rabinsa na ƙarewa duk shekara 5,730, kafin a kai miliyan babu abin da ya rage a auna.

Birkila_Alabar:
Ni wanda ya fi shiga kaina shi ne na sawun ƙafa, wani shiri na gani a talabijin. Duk birkila ya san takaicin ka gama shafe daɓe da yamma, da safe ka tarar akuya ta bi ta kai. Sawun nan ya zauna ke nan har ginin ya rushe. Wai haka toka ta zuba, aka yi yayyafi, wasu suka bi ta kai, wata tokar ta rufe. A Kenya ne ko?

Ticha_Bayoloji:
Tanzaniya ne, wurin sunansa Laetoli. Tawagar Mary Leakey ta gano shi a 1978, tsawon layin sawun kamar mita 27, shekarunsa wajen miliyan 3.6. Dunduniya ta nutse sosai, babban yatsa yana jere da sauran, bai ware gefe kamar na biri ba. Wannan ko ƙashi babu, tafiyar ce da kanta ta rage.

Maman_Khalifa:
Ku yi haƙuri, ni abin nan ƙona min rai yake. Mutanen da ke jifan 'yan ƙwallonmu da ayaba a filayen Turai suna kukan biri, su ne za su zo su ce asalin mutum Afirka, mu kuma mu tafa? A 1906 wani bawan Allah ɗan Kongo, Ota Benga, a kejin birai aka ajiye shi a gidan zu na New York mutane suna kallo. Da sunan wannan ilimin aka yi. Yanzu kuma a sa 'ya'yanmu su haddace.

YarLegon:
Anti, zancen Ota Benga haka yake, ba wanda zai wanke su. Amma abin da ƙasusuwan suka nuna ya ƙaryata masu jifa da ayabar ne. Mafi tsufan ƙasusuwan irinmu, mutanen yau, a Jebel Irhoud na Maroko aka same su, wajen shekara 300,000. Bature da Basine da Balarabe duk jikokin waɗanda suka fita daga nahiyar nan ne. Su ne ma ke ɗauke da kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na gadon Niyandatal, wani jinsin mutanen da can da ya ƙare, a jininsu, binciken da ya ba Svante Pääbo kyautar Nobel a 2022.
Kuma ba Turawa kaɗai ke aikin ba, sunansu ne ya fi fita. Yaron Turkana, wanda kusan duk ƙasusuwansa aka samu, shekara wajen miliyan 1.5, Kamoya Kimeu ɗan Kenya ne ya hango guntun ƙoƙon kansa a 1984. Selam, jaririya 'yar shekara uku irin su Lucy, Zeresenay Alemseged ɗan Habasha ne ya samo ta a Dikika a 2000, ya yi shekaru yana cire dutse daga jikinta ƙwaya-ƙwaya.

DanTrotro_Sawaba:
Wato fasinjan da ya raina ni gobe in ce masa kai jikan Niyandatal 😂 Madalla.

Sadiq_Akwatialine:
To ga tawa hujjar. Na tura hoto a sama, ƙwarangwal ɗin mutum ne da aka tono a Saudiyya, ku dubi mai shebur a gefensa, ko kansa bai kai ba. Mutanen da manya ne, ba ƙanana irin wannan Lucy ba. Me ya sa ba a sa wannan a littafin yara?

Admin_Zaure:
Sadiq, na cire hoton. Karo na uku ke nan ana kawo shi zauren nan, wancan karon an ce Indiya ne. Haɗi ne na Photoshop da wani ya yi don gasa a intanet a 2002, ramin kuma na tonon ƙashin wata dabba ce dangin giwa a Amurka. Addini bai buƙatar a tallafe shi da hoton ƙarya.

Baban_Hauwa_Aboabo:
Na gode, ina bi a hankali, wasu sai na karanta sau biyu. Misalin juji ya shige ni. Amma har yanzu ba wanda ya taɓa ta ukun. Mu nan ba mutane a ƙasar ne a da?

Baba_MaiHakanKabari:
Alhaji, wannan ni zan ba ka amsa daga abin da hannuna ya taɓa. Ina cikin masu haƙa a maƙabartar unguwarmu tun ina saurayi. Wuri ya cika, wani lokaci muna faɗawa kan tsohon kabari ba da niyya ba. Wanda ya yi shekara 30 ko 40, sau da yawa abin da za ka tarar ɗan guntun ƙashin cinya ne da haƙora, ka taɓa shi ya marmashe kamar ƙanzo ya jiƙa. Sai mu mayar mu rufe da addu'a. Jar ƙasar nan tamu da ruwan Kumasi ba sa barin ƙashi. In shekara 40 ta yi haka, ina ga miliyan? Allah ya sa mu cika da imani.

YarLegon:
Amin Baba. Abin da malamanmu ke faɗa ke nan, ku kun gani da ido. Ƙasar kurmi tsami gare ta, tana narkar da ƙashi. Kafin ƙashi ya zama dutse sai laka ko toka ta binne shi da wuri, sannan bayan miliyoyin shekaru ƙasa ta tsage ko ruwa ya zaizaye ta ya fito da shi. Gabashin Afirka ya haɗa duka. Mu ba mu da wannan sa'ar.
Amma dutse ba ya ruɓewa. A Asokrochona, bakin teku tsakanin Akra da Tema, an tono kayan aikin dutse na zamanin da can can. A kogon Bosumpra da ke Abetifi, Thurstan Shaw ya yi tono a 1943 ya samu ƙananan kayan dutse da tukwane. Shi ne kuma a 1965 ya tono ƙwarangwal a Iwo Eleru kusa da Akure a Najeriya, mai shekara wajen 13,000, wanda ƙoƙon kansa ke da siffar mutanen da suka fi haka tsufa nesa. Irin kayan dutsen nan akwai su a gidan adana kayan tarihi na sashenmu a jami'ar Legon.

Birkila_Alabar:
Tsaya. Wani dutse mai santsi, baki kamar na gatari, mun taɓa tono shi wajen haƙa fandisho a hanyar Ejisu. Yaran Asante da muke aiki tare suka ce Nyame akuma ne, mu kuma gatarin aradu muka sani. Kakata takan ce tsawa ce ke jefo shi, har a ruwa ake jiƙa shi a ba mai ciwo. Kina nufin mutum ne ya wasa shi?

YarLegon:
Mutum ne, yaya, da hannunsa. Amma wannan na jiya-jiya ne in aka gwada da su Lucy. Irinsa ya yi yawa a zamanin mutanen Kintampo, shekara wajen 4,000 baya, manoma ne masu gero da wake da awaki. In yana nan kada ku yar.

Dan_Agadas:
Ina karatu shiru, amma an manta da maƙwabta. Ba gabas kaɗai ba ne. Wanda ake cewa ya fi duka tsufa a Chadi aka same shi, hamadar Djurab, a 2001. Toumaï suka sa masa, da yaren Gorane wai fatan rayuwa. Shekara wajen miliyan 7. Tawagar Michel Brunet ɗan Faransa ce, amma ɗan Chadi ne, Ahounta Djimdoumalbaye, ya fara ganinsa. Wurin yanzu rairayi ne zalla, amma tare da shi an tono ƙashin kifi da kada da dorina. Mu da muka san Tenere ba mu mamaki, ana tsintar ƙashin kifi inda rijiya mafi kusa kwana biyu ce a raƙumi.

Ticha_Bayoloji:
Haka ne, sai dai Toumaï akwai rigima a kansa. Hujin lakarsa ya matso gaba, shi ya sa aka ce a tsaye yake tafiya. Amma akwai ƙashin cinya da aka samu a wurin, masana sun rabu a kansa, wasu sun ce na mai ƙafa biyu ne, wasu sun ce a'a. Gara yara su san inda ake da tabbas da inda ake ja-in-ja. Irin su Lucy an samu ƙasusuwan sama da 300 daga cikinsu, wannan ba a musu. Wane ne ya haifi wane a cikin jerin, nan ne ake ta canza magana. A 2013 ma aka shiga wani kogo a Afirka ta Kudu aka kwaso ƙashi sama da 1,500 na wani jinsi da aka sa wa suna Homo naledi, ƙwaƙwalwa ƙarama, kowa ya zaci sun kai shekara miliyan biyu. Da aka auna, ba su wuce 335,000 ba. Wato suna raye wajen lokacin da irinmu suka bayyana.

Abu_Sumayya:
Ka ji ko? Da bakinka ka ce suna canza magana. Yau kaza gobe kaza. A kan wannan zan ɗora imanina?

Malam_Tsangaya:
Abu, ba wanda ya ce ka ɗora imaninka a kan ƙashi. Ni dai ina ganin abu biyu ake cakuɗawa. Cewa an yi wasu halittu masu tafiya da ƙafa biyu a doron ƙasa kafin mu, suka shuɗe, wannan bai ci karo da komai ba a wurina, Allah yana halittar abin da ya so. A Suratul Ankabut ma an umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ya fara halitta. Cewa su ne suka haifi Annabi Adam, nan ne na tsaya, ban bi ba.

Ustaz_Asawase:
Malam, da girmamawa, wannan ƙofar in aka buɗe ta yara ba za su tsaya inda kuka tsaya ba. Littafin bai ce wasu halittu ba, kakanni ya ce.

Malam_Tsangaya:
Ƙofar ai a buɗe take, ustaz, waya na hannunsu. Ko mu yi maganar da su, ko wani ya yi.

Hajiya_MaiAtamfa:
Ni dai tun da na ga 'yar mitsitsiyar nan cikin gilashi ban iya ce mata biri ba, ban kuma iya ce mata mutum ba. Allah shi ya san abin da ya halitta.

Mahauci_TunKaka:
Ticha, na duba yau da asuba. Kan akuya uku, na sa ɗaya. Duka a ƙeya hujin yake, yadda ka faɗa. Yarona ya same ni ina laluben ƙeyata da hannu duk jini, ya ce Baba lafiya?

Baban_Hauwa_Aboabo:
Na ba Hauwa wayar ta karanta tun daga sama. Ta kwafe bayanin toka a littafinta, ta ce ya fi na aji fita. Ni kuma har yanzu ina nan kan kakana na Salaga, ta ce ba ta hana ni ba. Yanzu rigimar da ta taso, wai in sun gama jarrabawa sai na kai ta Legon ta ga duwatsun nan da idonta. YarLegon, ana barin wanda ba ɗalibi ba ya shiga? Kuma Birkila, in gatarin aradun nan yana wurinka, a ara mana ta gani.

Birkila_Alabar:
Yana wurin tsohuwa, Alhaji, cikin kwallarta. Sai dai ku zo ku roƙa da kanku, ni na gwada sau biyu.